Kafin Ka Sa Hannu A Mukhalasa: Inda Mai Ƙaramin Ƙarfi Zai Nemi Shawara Kan Haƙƙin Tsufa A Saudiyya

Kawuna ne ya sa na zauna nayi wannan rubutun, ƙanin mahaifiyata, wanda ya shekara 22 yana tuƙa motar kaya a wani kamfani a nan Jidda. Da gwiwa ta fara ƙin taka kuloci, ido kuma ya soma hazo da daddare, sai gashi a gidana bayan isha'i da wata baƙar leda cike da takardu, ya zazzage min su a kan darduma yace "kai ɗan nan duba min, nawa ta'aminat zasu riƙa bani duk wata in na ajiye?" Wallahi sai da nayi jim kafin na iya buɗe baki, domin amsar ita ce ko riyal ɗaya. Shi duk shekarun nan jin da yake ana cewa sunansa na ta'aminat, wato hukumar inshorar ma'aikata ta Saudiyya, ya ɗauka asusu ake tara masa, kamar yadda ake yi wa ma'aikacin gwamnati a gida.

To daga nan ya kamata kowa ya fara, tun kafin ka tambayi ina zan je, ka fara duba wace takarda ce a aljihunka. Mu Hausawan ƙasar nan ai ba kashi ɗaya bane. Akwai waɗanda kakanninsu suka zo tun zamanin tafiyar ƙafa ta Sudan, suka samu tabi'iyya, 'yan ƙasa ne cikakku, sunansu ma da Hausawi ko Fallata a ƙarshe. Akwai mu masu igama, wato katin zama na baƙo, wasu an haife su a nan amma har gobe sai an sabunta. Akwai matan da suka auri 'yan ƙasa, da 'ya'yan da uwarsu ce 'yar ƙasa uban baƙo. Sannan akwai waɗanda babu komai a hannunsu sai Allah. Kowanne da ƙofarsa, kuma rabin wahalar da tsofaffinmu ke sha daga nan take, mutum ya ji maƙwabcinsa a Shari Mansur yana karɓar daman, wato tallafin gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, duk wata sai shima ya kama jeka-ka-dawo, alhali takardarsu ba iri ɗaya bace.

Bari in fara da masu igama don mu ne mukafi yawa kuma mu aka fi cuta.

Hukumar ta'aminat, wadda ake rubutawa GOSI, tana da sunanka in kana aiki a kamfani, wannan gaskiya ne. Amma reshen da aka saka baƙo a ciki na hatsarin aiki ne kawai, kamfani ke biyan kashi 2 cikin ɗari na albashinka, kai ba a cire maka komai. Amfaninsa shine in ka ji rauni a bakin aiki ko aikin ya jawo maka ciwo, a yi maka magani a biya ka diyya. Fansho na wata-wata kam an cire baƙi daga cikinsa tun 1987. Saboda haka sai dai dattijon da yayi aikin kamfani kafin wannan shekarar aka riƙa yankar masa kuɗi, shi ya dace yaje ofishinsu da tsohuwar lambarsa ya tambaya ko an taɓa mayar masa da abinsa. Wanda ya fara aiki bayan nan kada ya ɓata kuɗin mota.

Abin da ya tsaya maka a matsayin fansho shine mukafa'ar ƙarshen aiki, kuɗin sallama kenan, kuma sau ɗaya ake baka shi a dunƙule. Lissafinsa babu wuya, yana cikin sashe na 84 na dokar aiki: shekara biyar na farko kowace shekara rabin albashin wata, duk shekarar da ta biyo baya kuma albashin wata guda cur, kuma da albashinka na ƙarshe ake lissafi ba wanda ka fara da shi ba. Ko watanni ne suka ɗoru a kan shekara ana lissafa su gwargwadonsu. Na Kawu riyal 2,000 ne albashinsa. Biyar ɗin farko dubu ɗai-ɗai, 5,000 kenan, sauran shekara 17 dubu bibbiyu, 34,000, jimla 39,000. Takardar mukhalasa da aka miƙo masa don ya sa hannu cewa ya karɓi haƙƙinsa kuwa 15,000 aka rubuta a ciki, kuma har godiya yake shirin yi don bai taɓa riƙe kuɗi masu yawan haka a lokaci ɗaya ba. Ka ga inda rashin sani ke cin mutum.

Wajen da aka fi yin wasa da lissafin guri biyu ne. Na farko a ɗauki gundarin albashi kawai a zubar da kuɗin gida da na mota da ake haɗa maka duk wata, alhali doka cewa tayi albashin da kake karɓa a zahiri, da alawus ɗin da suka zama tsayayyu. Na biyu kuma maganar wa ya kawo ƙarshen aikin. In kai ka rubuta istiƙala, wato takardar ajiye aiki, da hannunka, sashe na 85 ne zai hau kanka: ƙasa da shekara biyu babu komai, daga biyu zuwa biyar kashi ɗaya cikin uku, sama da biyar amma ba a kai goma ba kashi biyu cikin uku, sai ka cika goma sannan zaka samu duka. Amma kwantiragin baƙo ai mai wa'adi ne, in ka daure har wa'adin ya cika ka sanar da su a rubuce tun da wuri cewa ba zaka sabunta ba, wannan ba istiƙala bace, haƙƙinka cikakke ne. Ɗauki mai shekara takwas da albashin 1,500: cikakken kuɗinsa 8,250, in yayi zuciya ya ajiye ana dab da ƙarewar kwantiragi sai ya tashi da 5,500. Fushin yini ɗaya ya cinye masa 2,750, kusan albashin wata biyu. Don haka in wani a ofis yace maka "rubuta istiƙala kawai don a gama maka da sauri", ka ce masa bari in yi shawara da 'ya'yana, ka fito.

Banda mukafa'a akwai kuɗin hutun da baka ci ba, akwai ragowar albashi in ana riƙe maka, akwai tikitin komawa gida wanda a wuyan kamfani yake, akwai kuma shahadar aiki da dole su baka kyauta. In su suka sallame ka mako ɗaya doka ta basu su biya ka, in kai ka bari mako biyu.

Yanzu ina za a tambaya? Ni dai shawarata kar ka fara da mu'aƙƙib, kar kuma ka fara da majalisar shayi. Ba wai duk maƙaryata bane, a'a, amma mu'aƙƙib sana'arsa kammala takardu ce, galibi ma na kamfanin ne, shi burinsa fayil ya rufu. 'Yan majalisa kuma kowa labarin abin da ya faru da shi a shekarun baya zai baka, dokoki kuwa an sha taɓa su. Ka fara da wayarka ko ta ɗanka. Shiga Qiwa, shafin gwamnati na kwantiragin ma'aikata, ka ga kwantiragin da aka yi maka rajista, ka duba albashin da aka rubuta da ranar fara aiki. Shiga manhajar ta'aminat ka ciro takardar da ke nuna tsawon shekarunka da albashin da kamfani ya faɗa musu. A shafin ma'aikatar ƙwadago, wato Mawarid Bashariyya, akwai wajen lissafin mukafa'a kyauta, ka saka albashi da shekaru da dalilin barin aiki ya fito maka da adadin. Lambar ma'aikatar 19911 ce, ka kira da safe, in larabcinka bai nuna ba ka zaunar da wanda ya iya kusa da kai. Duk wannan ba a biyan ko halala.

A nan ne muka gano wani abu a takardun Kawu da ya kusa rikita mu, ranar fara aikin da ke cikin na'ura ta zo bayan ta gaskiya da shekara uku, wato an rage masa shekara uku, saboda an taɓa canza sunan kamfanin aka sake musu rajista. Abin da ya cece shi tsoffin katunan aiki ne guda biyu da wata takardar ƙarin albashi da ta yi jawur don tsufa, duk a cikin ledar nan da Inna matarsa ta sha cewa zata zubar. Dan Allah ku daina zubar da takardu. Tsohuwar igama, tsohon fasfo, rasit ɗin albashi, saƙon banki na shigar kuɗi, ka ɗauki hoton kowanne ka tura wa wani naka ya ajiye, don waya tana faɗuwa tana ɓata.

In kamfani ya ƙi, ba kotu ake fara zuwa ba. Ana shigar da ƙorafi ne ta intanet a sashen sulhu na ma'aikatar, taswiya wuddiyya suke ce masa, a kira ku ku biyun a yi ƙoƙarin daidaita ku cikin kwana 21 na aiki, in abin ya gagara sai a wuce kotun ma'aikata. Ma'aikaci baya biyan kuɗin shigar da ƙara a kan haƙƙin aikinsa. Amma ka riƙe wannan da kyau: wata 12 ne wa'adin daga ranar da aiki ya ƙare, in ya wuce kotu ba zata saurare ka ba sai da uzuri mai ƙarfi. Mutanenmu akwai kawaici, "bari dai mu ga, yace bayan Hajji", bayan Hajji ya koma bayan Ramadan, kafin ka farga shekara ta zagayo. Kuma kada ka yarda a buga maka khuruj niha'i, wato bizar fita ta dindindin, ka hau jirgi da alkawarin za a turo maka, bin haƙƙi daga Kano ko Damagaram ba ƙaramin aiki bane, sai ka wakilta wani, shi ma da nasa hidimomin.

Mukhalasa kuwa, takardar nan da ke cewa na karɓi dukkan haƙƙina bana bin kamfani komai, ita ce ta ƙarshe da hannunka zai taɓa, bayan ka ga kuɗi sun shiga asusu da idonka. Ba kafin nan ba, ko da wanda ya miƙo maka kun shekara ashirin kuna sallah sahu ɗaya.

Iyayenmu mata masu aikin gida da direbobin gida da masu gadin gida, ku lissafinku daban ne, ba dokar kamfani ake bi da ku ba. Naku albashin wata ɗaya ne in an cika shekara huɗu a jere wajen kafili ɗaya, wato uban gidan da igamarku ke ƙarƙashinsa, kuma ta Musaned, shafin gwamnati na masu aikin gida, ake duba kwantiragi. Kuɗin kaɗan ne gaskiya, bai isa a kira shi guzurin tsufa ba, amma haƙƙi ne a karɓa. Wadda take shagala, wato aikin gida, ba a ƙarƙashin kafilinta ba kuwa, wannan babu takardar da zata tsaya mata, abin da ta tara da hannunta shine nata.

Sai 'yan uwanmu masu tabi'iyya. Ku naku da sauƙi ta wani ɓangaren, amma na ga dattijai da yawa a Hindawiyya da Misfala da suka cancanci abu basu nema ba, wasu don kunya wasu don an ce sai ta waya. Wanda yayi aiki ana cire masa ta'aminat, ko na gwamnati ne ko na kamfani yanzu duk ofis ɗaya ne, tun 2021 aka haɗe hukumar fanshon gwamnati da GOSI. Abin da zaka fara tambaya shine wata nawa aka lissafa maka, domin a tsarin da dattawan yanzu ke ciki wata 120 ake nema ga wanda ya kai shekara 60 kafin a yanka masa na wata-wata. In naka bai cika ba kada ka yi saurin karɓar kuɗin a dunƙule, ka zauna da ma'aikacinsu ka tambaya ko akwai hanyar cikasawa, don na dunƙule wata shida ya ƙare, na wata-wata kuwa har iyalinka zasu ci bayan ranka. A 2024 an fito da sabon tsari da ya ɗaga shekarun ritaya a hankali har zuwa 65, amma ba kowa ya shafa ba, ya danganta da shekarunka da watannin da ka tara, to ka sa a duba maka naka kai kaɗai, kar ka ɗauki na abokinka.

Wanda bai taɓa aikin albashi ba, ko fanshon nasa bai taka kara ya karya ba, daman ijtima'i ne nasa, kuma daga kuɗin zakka ake biyansa, saboda haka babu abin jin nauyi. Ana nema ta shafin ma'aikatar Mawarid Bashariyya da Nafath, manhajar tantance mutum ta gwamnati, a rubuta duk wanda ke cikin gidan da abin da ke shigo wa kowa, a haɗa da takardar haya ta Ejar, shafin rajistar haya na gwamnati, ko ta mallakar gida da lambar asusun banki mai sunan mai nema. Tun ƙarin da aka yi a 2023 ma'aunin da ake lissafi da shi riyal 1,320 ne ga mai gida, 660 ga kowane na ƙarƙashinsa, sai a duba kuɗin shigar gidan a ga abin da zai rage. Abin da ya fi kayar da mutane shine ɗa mai albashi da har yanzu adireshinsa na gidan, ko takardar haya da sunan wani daban. In aka ce baka cancanta ba ana rubuta dalili, kuma akwai damar ɗaukaka ƙorafi cikin kwana 30, ka karanta dalilin ka gyara, kar ka ce shikenan ba rabo. Hisabul Muwaɗin, wani tallafin kuɗi na gwamnati ga 'yan ƙasa, shi kuma daban ne, tun ƙarshen 2017 ake biyansa, ranar 10 ga wata yake shiga.

Ga inda nake so mata su buɗe kunne. Ba 'yan ƙasa kaɗai ke shiga daman ba. Baƙuwar da ke auren ɗan ƙasa, da wadda mijinta ɗan ƙasa ya rasu ko ya sake ta ya bar ta da 'ya'yansa, suna cikin waɗanda aka keɓe, da sharuɗɗansu. Na san wata baiwar Allah da ta shekara tana sayar da gyaɗa da yaji a bakin masallaci da marayu uku 'yan ƙasa a ɗaki, ba wanda ya taɓa gaya mata. In kina cikin irin wannan halin ki ɗauki takardar aure da katin iyali da shahadar rasuwa ko ta saki, ki je ofishin daman na garinku da ƙafarki ki nemi ganin mai binciken iyali, kar ki aika.

Waɗanda basu da takarda, ba zan yi muku daɗin baki ba, babu ofishin gwamnati da zai buɗe muku fayil, yawancin jam'iyyun agaji masu rajista ma sai sun ga katin da bai mutu ba. Abin da ya rage limamin unguwa ne da masu fitar da zakka da 'yan uwa. In jiki ya fara gazawa, tun ana iya tafiya da ƙafa ya kamata 'ya'ya su je ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarsu da ke Jidda su tambayi yadda ake samun takardar komawa, su kuma kasa kunne ko za a buɗe afuwa irin ta 2013 da ta 2017. Ciwo ba takarda a ƙasar nan abu ne da bana yi wa ko maƙiyi fata. Mai igama ma ya tuna inshorar asibitinsa da aikin take tafiya, ran da aiki ya tsaya ita ma ta kama hanyar tsayawa, ga kuɗin murafiƙin riyal 400 duk wata a kan kowane mutum ɗaya da ke ƙarƙashinka. Ka ɗauki biro ka lissafa wata nawa mukafa'ar zata riƙe ku a nan, wata nawa zata riƙe ku a gida.

Wani abin da ake mantawa, da yawa cikinmu sun yi aiki a gida kafin su taho. In ka yi aikin gwamnatin tarayya ko kamfani a Najeriya bayan dokar fansho ta 2004, akwai yiwuwar kana da asusun ritaya a wani kamfanin fansho, kuɗin na nan da sunanka, daga shekara 50 ake iya fara taɓawa. Nemo lambar asusun, ka tabbatar sunanka da ranar haihuwa sun dace da na NIN, in an samu matsala hukumar PenCom ce ke sa ido a kansu. 'Yan tsohon tsari na tarayya kuma hukumar PTAD ce tasu, kuma suna da tantancewar nan ta "ina raye" da ake yi ta waya, in ka bari ta wuce ka sai a tsayar da kuɗin. Na jiha kowace jiha da nata tsarin, sai ka sa ɗan uwa ya leƙa. Mutanen Nijar da suka yi aikin kamfani su tambayi CNSS, hukumar fanshon ma'aikatan kamfani ta can. Masu sauran ƙarfi da ke sana'ar hannu kuma, tun 2019 aka buɗe ƙaramin fansho na masu zaman kansu a Najeriya, kana zuba abin da ya sawwaƙa. Ni dai ina ganin a haɗa shi da adashi, wanda a nan muke cewa jam'iyya, kada a dogara da ɗaya, ganin yadda naira ke yi.

Sai 'yan damfara, su kam tsofaffi suke farauta. Za a kira ka da larabci mai kyau a ce daga ta'aminat ne ko daga daman, an amince da kuɗinka, karanto lambar da ta shigo wayarka ko ka danna lamba kaza a Nafath. Kashe wayar. Babu ma'aikacin gwamnati da zai nemi wannan lambar. Haka wanda zai ce ka bashi 500 ya saka sunanka a daman ta bayan fage, in ma ya saka da bayanan ƙarya kai za a bi ka dawo da kuɗin. Kuma ko ɗan cikinka ne zai cike maka, ka zauna kusa da shi, lambar wayar da za a saka ta zama taka, asusun banki ya zama naka.

Na Kawu dai bamu kai kotu ba. Na buga masa lissafin ma'aikatar a takarda, muka haɗa da hoton tsoffin katunan nan, na ce ya kai musu ya ce ɗansa ne ya lissafa, in akwai kuskure su nuna masa a ina yake. Sun ja kusan sati uku, sau biyu ana ce masa mudir, wato manaja, ya yi tafiya, sai da muka shigar da ƙorafin sulhu saƙo ya je musu sannan aka kira shi. Ranar da kuɗin suka shiga ya kira ni yana tambaya wai yanzu ya sa hannun? Nace Kawu karanto min abin da banki suka turo tukuna, ya karanto, na ce to kuɗin hutun fa, yace au, ya koma ciki.